Then Play On na Fleetwood Mac: abin da na ji bayan wata uku ina saurare

Wata uku ke nan da na sayi kundin waƙoƙin nan mai suna Then Play On na ƙungiyar Fleetwood Mac, bugun shekarar 2013 wanda kamfanin Rhino ya sake tace sautinsa ya fitar a faifan CD. Da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi, domin da a makon farko na rubuta shi, da na zalunci kundin. Ranar da na fara saka shi ban kai ƙarshensa ba. Na zo masa ne da kunnen wanda ya saba da kundaye biyu na farko na wannan ƙungiya, inda kiɗan buluz, wato tsohon salon kiɗan baƙaƙen Amurka, yake bin turbar da kowa ya sani, sai na tarar da kiɗan da yake fara tafiya ya tsaya, ya yi ƙara ya koma raɗa, wani lokaci ma a katse shi ana tsakiyarsa kamar an ɗauke wuta. Sai da na saurare shi sau biyar ko shida, galibi da daddare bayan gida ya yi tsit, sannan na gane cewa abin da na ɗauka rashin tsari ne, alama ce ta makaɗan da suka gama koyon sana'a a hannun magabata, suka fito neman tasu murya, ba su kuma riga sun same ta gaba ɗaya ba.

Wanda ya san Fleetwood Mac ta hanyar kundin Rumours na 1977 ya kamata ya ajiye wannan sanin a gefe, domin mutum biyu ne kawai suka haɗa waccan ƙungiya da wannan, wato mai ganguna Mick Fleetwood da mai jitar bes John McVie. Wanda ya kafa ƙungiyar a Landan a 1967 shi ne Peter Green, matashin da ya gaji gurbin Eric Clapton a rukunin Bluesbreakers na John Mayall a 1966, kuma shi ne ya haɗa sunayen abokan aikinsa biyu ya raɗa wa ƙungiyar, ya bar nasa sunan a baya. Sun fara bayyana a gaban jama'a a bikin kiɗa na Windsor a watan Agusta na 1967. Kundinsu na farko ya fito a watan Fabrairu na 1968 a kamfanin Blue Horizon, ƙarƙashin kulawar Mike Vernon, ya kai mataki na 4 a jadawalin faya-fayan da suka fi kasuwa a Birtaniya, abin da ba a saba gani ba ga kiɗan buluz tsantsa. Aikinsu a lokacin shi ne kwaikwayon baƙaƙen makaɗan Amurka, musamman na birnin Shikago, kuma sun iya kwaikwayon ƙwarai.

Matsalar ta bayyana a kundi na biyu, Mr. Wonderful, wanda ya biyo baya a watan Agusta na 1968. Jeremy Spencer, makaɗin jita na biyu a ƙungiyar, ya riƙe salon makaɗin buluz na Amurka Elmore James riƙo na gam, har waƙoƙi huɗu a kundin suka buɗe da taken jita iri ɗaya. Duk wanda ya saurari kundin daga farko zuwa ƙarshe zai ji cewa hanyar ta kai bango. A wannan watan ne Green ya jawo wani yaro ɗan shekara 18 mai suna Danny Kirwan ya zama makaɗin jita na uku, kuma sakamakon farko na haɗuwarsu shi ne Albatross, kiɗa zalla marar waƙa, mai tafiyar hawainiya, wanda ya kai mataki na ɗaya a Birtaniya a farkon 1969. A watan Janairun wannan shekara suka je situdiyon Chess a Shikago suka yi kiɗa tare da dattawan da suka daɗe suna kwaikwayo, irin su Willie Dixon da Otis Spann. Ni a ganina wannan ziyara sallama ce, irin wadda almajiri yake yi wa malaminsa kafin ya je ya kafa tasa tsangaya, domin abin da suka ɗauka bayan sun koma Landan bai sake komawa kan tsohuwar turba ba.

Then Play On ya fito a watan Satumba na 1969 a kamfanin Reprise, bayan ƙungiyar ta rabu da Blue Horizon. Wannan sauyin kamfani ya shafi sautin kai tsaye. A da, tsarin Vernon shi ne a shiga ɗaki a yi kiɗa kamar ana gaban 'yan kallo, a ɗauka a fita. A wannan karon ƙungiyar ce ta kula da aikinta da kanta, tare da injiniyan sauti Martin Birch, wanda daga baya ya yi suna da aikinsa da Deep Purple da Iron Maiden, kuma suka yi amfani da situdiyo a matsayin kayan kiɗa: a ɗora jita a kan jita, a ɗauki dogon kiɗa a yanka shi a ɗinke, a bar amsa-amo ya daɗe yana yawo. Bugun Birtaniya na asali yana da waƙoƙi 14 masu tsawon kusan minti 54, bakwai na Kirwan, biyar na Green, ɗaya da sunan Fleetwood, ɗaya da sunan McVie. Ya kai mataki na 6 a Birtaniya. Wannan rabon waƙoƙi shi ne abin da ya fara ba ni mamaki, domin ana yawan ambaton kundin a matsayin gwanintar Peter Green, alhali rabinsa cif na yaron da bai cika shekara 20 ba ne.

Duk da haka, bari in fara da Green, domin waƙoƙinsa ne suka sa na ci gaba da komawa ga faifan. Closing My Eyes, wadda ta zo ta biyu a jeri, ba ta da zagayen nan mai gaɓa 12 da aka san buluz da shi, ba ta ma da bugun da za a iya kaɗa ƙafa a kai. Jita ce take fitar da sauti ɗaya-ɗaya, a bar shi ya mutu kafin a kawo na gaba, ganga mai kauri tana gurnani daga nesa, muryar Green kuma tana tafiya a gajiye kamar mai magana da kansa. Maganar waƙar bege ce, amma begen da mutum ba zai iya tantancewa ba ko na masoyiya ne ko na neman Ubangiji. A saurare na farko na ɗauke ta a matsayin waƙar da ba a gama ba. Yanzu ina ganin ita ce zuciyar kundin, kuma ita ce ta koya mini yadda ake sauraren Green: shi makaɗi ne mai rowar sauti, inda wani zai zuba ashirin shi zai ba ka uku, ya bar shirun da ke tsakaninsu ya yi sauran aikin. An san shi da jitar Gibson Les Paul ƙirar 1959 wadda take da wani amo siriri mai fita kamar ta hanci, saboda yadda aka juya ɗaya daga na'urorin ɗaukar sautinta. Wannan jita ta koma hannun Gary Moore daga baya, sannan ta kai ga Kirk Hammett na Metallica.

Before the Beginning, wadda ta rufe kundin, ita ce waƙar da zan fara miƙa wa duk wanda ya ce in nuna masa dalilin da ya sa ake girmama wannan mutum. Har yanzu buluz ce a jininta, amma an cire mata duk wani ado na gidan rawa. Fleetwood ya bar farantai masu ƙara ya koma kan ganguna masu zurfi, yana buga su a hankali kamar mai daka a ƙauye mai nisa, McVie yana riƙe ƙasa ba tare da ya nemi a lura da shi ba, jitar Green kuma tana amsa muryarsa layi bayan layi, yadda 'yan amshi suke karɓa wa uban waƙa. Wannan amshi tsakanin murya da jita tsohuwar al'adar buluz ce, B.B. King ya shahara da ita, amma a nan jitar ba ta maimaita abin da murya ta faɗa, ƙarasa shi take yi. Na lura cewa idan na saurari wannan waƙa ita kaɗai ba ta kama ni kamar idan na iso ta bayan minti 50 na hawa da sauka, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin jerin waƙoƙin yana da muhimmanci, maganar da zan dawo kanta.

Sauran ukun nasa sun fi sauƙin shiga. Show-Biz Blues tana da salon tsofaffin makaɗan karkarar Misisifi, inda ake zura ƙarfe ko wuyan kwalba a yatsa ana goga shi a kan tsirkiya, ga tafi yana raka ta, kuma a cikinta ne Green ya fito fili da gajiyarsa da harkar shahara. Rattlesnake Shake ita ce mafi nauyi, mai take mai kauri da sautin kacau-kacau, kuma ita ce ƙungiyar take miƙar da ita a dandali har ta wuce minti 20, kamar yadda ake ji a faya-fayan wasansu na Boston na watan Fabrairun 1970. Ya dace in faɗa wa mai saye cewa maganar da ke cikinta barkwanci ne na batsa a lulluɓe, ba irin wadda za a saka a falo a fassara wa yara ba. Underway kuwa guntun kiɗa ne da aka yanko daga dogon zama, mai daɗi, amma yana ƙarewa daidai lokacin da ya fara kama jiki.

Kirwan ne ya sa na sauya ra'ayi fiye da kowa. Shi ya buɗe kundin da Coming Your Way, inda ganguna suke gudu a ƙasa, jitarsa tana yanka ta sama da wani karkarwar tsirkiya mai kaifi wanda ya bambanta da na Green sarai. Idan Green yana jan sauti a hankali ya sake shi, Kirwan matsa shi yake yi har ya yi rawa. Da zarar kunne ya rarrabe waɗannan hannaye biyu, kundin yakan zama hira tsakanin mutum biyu, kuma babu inda hirar ta fi fitowa kamar Like Crying, inda babu ganga babu bes, su biyu ne kawai da jitocinsu da muryoyinsu. Without You buluz ce mai sanyi wadda za a yi zaton dattijo ne ya rubuta ta, One Sunny Day kuma tana da take mai nauyi wanda ya nuna yaron bai rasa ƙarfi ba. Amma Although the Sun Is Shining da My Dream su ne suka fi nuna inda ƙungiyar za ta dosa: waƙoƙi masu taushi, masu karin da yake maƙalewa a ka, waɗanda ba su da alaƙa da Shikago ko kaɗan. Wanda ya bi kundayen da suka biyo baya har zuwa Bare Trees na 1972 zai ga cewa irin da aka shuka a nan ne ya tsiro a can, kuma hannun Kirwan ne ya shuka shi.

Ba duk abin da ya kawo ne ya yi ba. When You Say ta yi zaƙi har ta gundura, kuma rerawar da ya cika tsakiyarta da ita ba ta da wata ma'ana sai cike gurbi. Ita kaɗai ce waƙar da nake tsallakewa ba tare da na ji na yi asara ba.

Babban ƙorafina yana kan kiɗa biyu da aka raɗa wa sunan wata mai ƙaunar ƙungiyar, Fighting for Madge da Searching for Madge. Dukansu an yanko su ne daga dogon kiɗan da aka yi kai tsaye a situdiyo ba tare da shiri ba, kuma akwai wuta a cikinsu, musamman inda jitocin biyu suke kora juna. Na farkon gajere ne, ya yi aikinsa ya wuce. Na biyun ya doshi minti bakwai, an yanka shi an ɗinke a wurare da dama, sauti ya dusashe ya dawo, har a tsakiya aka cusa wani guntun kiɗan gogen Turawa wanda ban ga abin da ya kawo shi ba. Na fahimci cewa a 1969 irin wannan wasa da almakashi sabon abu ne mai burgewa, kuma ƙungiyar tana jin daɗin 'yancin da ta samu bayan ta fita daga hannun mai kula da ita. Amma bayan saurare da yawa har yanzu ina jin ɗinkin yana sukar kunnena, kuma na fi son da an bar kiɗan ya tafi yadda aka yi shi. 'Yancin da ya haifi Closing My Eyes shi ne ya haifi wannan, kuma da alama babu wanda yake ɗakin a lokacin da zai ce ya isa haka.

Jeremy Spencer, wanda shi ne rabin muryar kundaye biyu na farko, kusan babu shi a nan, duk da cewa sunansa yana cikin 'yan ƙungiya. An shirya haɗa kundin da wani ƙaramin faifai na kwaikwayonsa na barkwanci, amma ba a fitar da shi a lokacin ba, sai a 1998 a cikin tarin The Vaudeville Years. Ban yi kewarsa ba, in faɗi gaskiya, ko da yake rashinsa ya sa kundin ya rasa mai sa dariya, nauyin zuciyar Green ya zauna a kansa babu mai ɗagawa.

Yanzu maganar da ta fi shafar aljihun mai saye. Wannan kundi yana da bugu daban-daban waɗanda ba su yi daidai da juna ba. Bugun Amurka na farko ya cire One Sunny Day da Without You, domin sun riga sun fito a can a cikin tarin English Rose. Da waƙar Oh Well, wadda ƙungiyar ta fitar daban a ƙaramin faifai, ta yi kasuwa, sai aka sake buga shi a Amurka aka cusa ta, aka cire When You Say da My Dream, aka kuma sauya jerin. Tsohon faifan CD da ya daɗe a kasuwa ya bi wannan gyararren tsari ne, ba na Birtaniya ba, sai dai ya mayar da When You Say da My Dream. Bugun 2013 da ke hannuna shi ne ya mayar da waƙoƙi 14 a jerinsu na asali, sannan ya ƙara huɗu a ƙarshe: kashi na ɗaya da na biyu na Oh Well, da The Green Manalishi, da World in Harmony. Na gwada jera waƙoƙin a waya bisa tsarin Amurka don in ji bambanci, kuma bambancin a bayyane yake. A tsarin asali ana karɓa-karɓa tsakanin Green da Kirwan, mai nauyi ya bi mai taushi, kunne ya samu hutu. Idan aka dasa Oh Well mai kusan minti tara a tsakiya, sai ta danne duk abin da ke kewaye da ita. Wanda zai saurara ta intanet ya duba adadin waƙoƙin kafin ya fara: idan ya ga 18 da Coming Your Way a farko, One Sunny Day ta bakwai, to ya samu daidai.

Ta fuskar sauti, aikin tacewar ya gamsar da ni. Gangunan Fleetwood suna da jiki, bes ɗin McVie yana fitowa ba tare da ya lulluɓe sauran ba, kuma ba a matse sautin an ɗaga ƙararsa ta yadda wuraren shiru za su ɓace ba, wanda da an yi haka da an kashe kundin. Akwai ɗan shuu na tsohon zaren ɗaukar sauti a wuraren da kiɗa ya yi ƙasa, amma bai dame ni ba. Abin da zan gargaɗi mutum a kai shi ne wurin saurare. Na gwada shi a mota cikin cunkoso, rabin Closing My Eyes ya ɓace a ƙarar injin, kuma a lasifikar waya bes ɗin ba ya fitowa sam. Kundin yana buƙatar abin sawa a kunne mai kyau ko ɗaki marar hayaniya.

Waƙoƙin ƙarin kuwa sun kusan biyan kuɗin faifan su kaɗai. Kashi na ɗaya na Oh Well, wanda ya kai mataki na 2 a Birtaniya, yana tafiya ne da tsayawa: kayan kiɗa su yi ruri su tsaya cak, murya ta fito ita kaɗai, su sake rufe ta. Kashi na biyu wata duniya ce daban, jita marar lantarki irin ta Sifaniya da sarewa da babban goge, babu waƙa ko kalma ɗaya. The Green Manalishi, wadda ta fito a watan Mayu na 1970, ita ce mafi duhu a duk abin da Green ya yi da ƙungiyar, kuma shi da kansa ya bayyana cewa a kan kuɗi take magana. A lokacin ya riga ya shiga matsalar ƙwaya da taɓuwar hankali, yana neman abokan aikinsa su yarda a rabar da dukiyar ƙungiyar sadaka, kuma a wannan watan ya bar su. Spencer ya fice a 1971, aka sallami Kirwan a 1972. Kirwan ya rasu a 2018, Green a 2020. Sanin wannan yana sauya yadda mutum yake jin Show-Biz Blues da Before the Beginning, ko da yake ina ƙoƙarin kada in mayar da kowace waƙa alamar abin da ya faru daga baya, domin mutanen da suka yi Like Crying da Fighting for Madge a fili yake suna jin daɗin aikinsu a ranar.

Sunan kundin an ɗauko shi ne daga layin farko na wasan kwaikwayon Twelfth Night na Shakespeare, bangon kuma zanen Maxwell Armfield ne na farkon ƙarni na 20, mahayi a kan farin doki cikin furanni. Mahayin ba ya sanye da tufafi, saboda haka wanda yake ajiye faya-fayansa inda baƙi suke gani ya san da wannan.

Wanda yake neman buluz tsantsa ya fara da kundin 1968, zai fi samun biyan buƙata a can. Wanda kuma yake neman waƙoƙin soyayya masu santsi irin na shekarun 1970 zai sami uku ko huɗu kawai a nan, daga hannun Kirwan. Ni dai yadda nake saurarensa yanzu shi ne daga farko zuwa Before the Beginning a zama ɗaya, in tsallake When You Say, in haƙura da Searching for Madge saboda minti biyun da jitocin suke haɗuwa a cikinta, sannan in kashe na'urar in bar waƙoƙin ƙarin zuwa wata rana.